Bodin 1951 a kan shasin 1991: aikin da muka yi wa walda sau biyu

Motar ba da ƙafarta ta zo garejinmu ba, ɗauko ta aka yi a bayan wata. A-kori-kura ce ƙirar Chevrolet 3100 ta shekarar 1951, irin masu zagayayyen goshi da fenda kamar kumatu, wadda kamfanin ya yi ta fitarwa daga 1947 zuwa farkon 1955. Mai ita gadonta ya yi daga mahaifinsa. Abin da yake so, a baki, ba shi da yawa: ta tashi, ta tsaya in an taka birki, ya riƙa hawanta ba tare da gabansa yana faɗuwa ba. Ni a lokacin ina shekarata ta huɗu a hannun maigidana, kuma ni aka ɗora wa awo da rubuta abin da aka auna. Shi ya sa nake iya ba da labarin dalla-dalla, har da inda na yi kuskure.

Maigida bai ko buɗe bonet ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka ya shige ƙarƙashi. Ƙarfe mai lafiya in ka buge shi amsawa yake yi, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji kamar ka bugi jiƙaƙƙen katako. A daidai inda sifirin ɗin baya yake kama shasi, bakin gudumar shigewa ya yi. Da muka ja tef daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, muka sake ja ta ɗaya hannun, awon biyu bai zo ɗaya ba, an sami fiye da inci guda a tsakani. Wato bayan tsatsa, shasin ya taɓa shan karo, an kuma miƙe shi da ido. Bodin kuwa, in ka ɗebe daɓen ɗakin direba da kusurwoyinsa na ƙasa da suka rube, garau yake.

Abin da ya sa ma ake iya tunanin raba bodi da shasi shi ne yadda ake ƙera irin waɗannan motoci. A-kori-kura, daga ta da har irin su Hilux na yau, gida biyu ce. Akwai shasi, dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru kamar tsani, shi ke ɗauke da inji da giyabos da aksil da sitiyari. Sai bodi, wanda ke zaune a kai bisa robobi, an ɗaure shi da 'yan notuka. Yawancin ƙananan motocin yanzu bodinsu shi ne shasinsu, babu abin da za ka kwance ka ɗaga. Sauya wa a-kori-kura shasi da irin nata sak ba baƙon aiki ba ne. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasancin da ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia, aka yi ta ɗaga bodi ana zura sabon shasi. Amma can kowane rami yana jiran notinsa. Namu daban ne, shasin wata mota za mu kawo wadda aka ƙera shekara 40 bayan bodin.

An yi magana a kan a faci tsohon shasin, maigida ya ce ba da hannunsa ba, don faci a kan murɗaɗɗen ƙarfe ɓata waya ne kawai. An yi magana a kan neman wani shasin na 1951, wanda shi ne hanyar da ta fi sauƙi, kuma ita zan ba wa duk wanda yake son motarsa ta zauna yadda aka ƙera ta. Sai dai da an bi ta, da mai motar ya koma wa abin da yake gudu: aksil ɗin gaba sanda guda a kan sifirin, birkin ganga a duka ƙafa huɗu da layin mai guda ɗaya tak, wanda in ya fashe babu sauran birki, lantarki mai bolt 6, da inji mai silinda shida a jere da ba a yi shi don gudun babbar hanyar yau ba. Shi ya sa aka karkata ga Chevrolet S-10, ƙaramar a-kori-kurar da aka yi daga 1982 zuwa 2004, wadda masu wannan aiki suka daɗe suna ɗora wa tsofaffin bodi.

Dalilin zaɓenta yana cikin awo guda: tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar tayar baya. A 3100 inci 116 ne. S-10 kuwa iri uku ce, akwai mai 108.3, da mai 117.9, da mai 122.9. Ta tsakiyar ita ce mai gajeren ɗakin direba da dogon baya, kuma bambancinta da tamu bai kai inci 2 ba, ƙasa da santimita 5. Mai 122.9 ta fi sauƙin samu, amma sai an yanke shasin an rage shi an sake haɗawa, maigida kuwa ba ya son yanka shasi in akwai yadda za a kauce. Aka yi wata biyu ana nema kafin a sami ta 1991 mai 117.9, wadda ta kife bodinta ya lotse amma ƙasanta lafiya, da injinta V6 mai lita 4.3 da giyabos ɗinsa. Ita ma sai da muka ja mata tef ta kusurwa da kusurwa kafin a biya.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, maigida ya ce wa mai motar: "Malam, takardun motocin nan biyu nake son gani, kuma ka je wurin masu rajista da masu inshora ka gaya musu abin da za mu yi." Mutumin ya ɗan ji haushi, yana ganin ɓata lokaci ne. Ba ɓata lokaci ba ne. Lambar shaidar da masana'anta ta ba 3100 tana kan ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofar direba, gajeriya ce, don an yi ta tun kafin a tsayar da lamba mai harafi 17 a 1981. Shasin S-10 kuma yana ɗauke da tasa lambar. In an gama, mota ɗaya ce mai suna biyu, kuma kowace ƙasa da yadda take yanke wanne ne nata. A Ingila, misali, hukumar rajistar motoci ta DVLA a da ta yi shekaru tana aiki da tsarin maki, inda sai mota ta sami maki 8 kafin ta riƙe tsohuwar lambarta, 5 daga ciki kuma dole daga shasinta na asali, ko sabo irinsa sak, za su fito. A Amurka kowace jiha da nata hukuncin. Wanda ya gama aikin wata shida sannan ya je tambaya, yana iya komawa gida da motar da ba ta da izinin taka titi.

Ɗaga bodin bai ba mu wahala ba, amma akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa. Tunda daɓen ya rube, shasin ne ke riƙe da siffar ɗakin. Da mun ɗaga shi haka, da ya murɗe, ƙofofin kuma ba za su sake rufuwa daidai ba har abada. Don haka sai da muka gicciya ƙarafa a bakin kowace ƙofa da tsakiyar ɗakin muka ɗiga musu walda, sannan aka sa sarƙa. A ƙasa muka yi masa sabon daɓe, don ba a kafa mazaunin bodi a kan ƙarfen da yatsa ke iya hudawa. Sabon shasin kuma muka tuɓe shi tas, muka yanke mazaunan bodin S-10, muka ɗora shi a kan ƙafafu huɗu, muka daidaita shi da ma'aunin ruwa ta tsawo da ta faɗi, a tsayin da zai zauna in an ɗora masa nauyinsa. Na ja layin tsakiya da alli a ƙasa, na saki zaren magina daga tsakiyar kowace ƙafa na yi alama.

Nan ne maigida ya yi tafiyar kwana uku, ya bar ni da mai waldarmu.

Mun sauke ɗakin a kan guntayen katako bisa shasin, muka kawo ƙarfen da ke riƙe lagireto muka gwada a gaba. Bai zauna ba. Injin S-10 a mazauninsa na asali ya yi gaba da yawa ga wannan bodi, fankarsa tana taɓa inda lagireto zai tsaya, akwatin sitiyari kuma yana tokare gefe. A bayan injin kuwa, tsakaninsa da bangon ɗakin direba, fili ne har mutum ya zura hannu ya yi wasa. Hanya biyu ce a gabanmu: ko a ja inji baya, ko a tura bodi gaba. Jan inji yana nufin sabon mazaunin inji, da matsar da ƙarfen da ke tallafe giyabos, da rage farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya. Tura bodi kuwa turawa ce kawai, mutum biyu su sa kafaɗa. Muka tura shi gaba inci 2, lagireto ya sami wuri da ƙyar, na duba layin allina na ga ɗakin yana tsakiya cif, hagu da dama. Na yanka mazaunai huɗu da kwali, aka fitar da su a ƙarfe mai kauri, mai walda ya zuba musu wuta zagaye. Walda ce mai kyau, ba ni da abin cewa a kanta. Har hoto na ɗauka.

Da maigida ya dawo bai ce komai ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya ce: "Ɗauko mini fendar gaba." Muka rataya ta da notuka uku, muka sa taya. Ya ja da baya kamar taku goma ya tsuguna, ya yafito ni. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Tayar ba ta tsakiyar bakin fendar, ta lafe a baya kamar mai jin kunya, a gabanta kuma ga wani rami ya buɗe. Ya sa aka murɗa sitiyari har ƙarshe, kafaɗar tayar ta goga ƙasan fendar ta baya, alhali motar tana tsaye, ba ta faɗa rami ba, ba ta ɗauki kowa ba. Sannan ya ce in lissafa baya. Shasin dama ya fi na asali tsawo da inci 1.9, na kuma ƙara masa 2 da hannuna. Tayar baya za ta kauce wa inda aka yi mata wuri da kusan inci 4.

"Maigida, ai na auna," na ce.

"Ka auna hagu da dama. Gaba da baya fa, daga ina ka fara?"

Daga lagireto na fara, kuma nan ne kuskuren yake. A duk motar, abin da ba ya matsuwa shi ne tsakiyar tayar gaba, don masana'anta ta kafa shi a jikin shasi tare da duk abin da ke riƙe ƙafar. Bakin fenda dole ya zo a kansa. Fenda kuma a jikin ɗakin direba take ɗaure, bonet ma haka, saboda haka tayar gaba ce ke gaya wa ɗakin inda zai zauna. Inji da lagireto da giyabos su ne masu neman wuri a abin da ya rage. Ni sai na juya jerin, na bar abin da ake iya matsarwa a wurinsa na matsar da wanda ba a taɓawa, don kawai ya fi sauƙin turawa. Kuskure na biyu, wanda ya fi ci wa maigida rai, shi ne waldar. A irin wannan aiki ɗigo ake yi, a haɗa motar gaba ɗaya, fenda da bonet da ƙofofi da baya da bamba, a ja da baya a kalla, sannan a kwance a yi waldar gaske. Mun yi kwana biyu muna yanke abin da muka yi a yini ɗaya, muna goge wurin a hankali don kada mu ci naman shasin.

A karo na biyu fendojin gaba aka fara haɗawa da ɗakin, aka riƙa jan su gaba ɗaya har zaren da aka saki daga ƙololuwar bakin fenda ya sauka a kan alamar tsakiyar taya. Sannan aka zo maganar tsayi, wadda ta ci mana yini guda ana sa katako ana cirewa. In ɗakin ya yi ƙasa, motar ta fi kyan gani, amma giyabos zai tokari daɓe sai an yi masa tudu a tsakiyar ɗaki. In ya yi sama, ƙarfen shasi zai leƙo ta ƙarƙashin matakala. Akwai kuma baya: shasin S-10 yana yin doro a saman aksil, na 1951 kuwa kusan a miƙe yake, don haka katakon daɓen baya ba zai sauka inda yake a da ba. Duk incin da aka sauke ɗaki, sai an ɗaga daɓen baya da shi, zurfin wurin kaya ya ragu. Mai motar yana son ya riƙa ɗaukar kaya, saboda haka aka tsaya a tsakani, ya yarda da asarar inci 3 na zurfi. Tayar baya kuwa sai ga ta ta zauna fiye da yadda muka zata. A tsohon hoton da ya kawo mana, tun asali ta ɗan matso gaba a cikin fendarta, ƙarin tsawon shasin sai ya kai ta kusa da tsakiya.

Daga nan kowane gyara sai ya haifi wani. Inji ya koma baya inci 4 da ɗoriya. Na'urar raba wutar wannan inji a bayansa take, sai da muka bar mata wurin da za a iya cire murfinta ba tare da an sauke inji ba. Farfela ta yi tsawo, aka kai wa masu juya ƙarfe suka rage ta suka daidaita nauyinta. Sandar sitiyari ta fito daga ɗaki ta tarar da bututun hayaƙi a kan hanyarta, dole ta karya sau biyu kafin ta isa akwatinta. Gwiwa uku ke nan, kuma sanda mai gwiwa uku sai an yi mata mariƙi a tsakiya, in ba haka ba lilo za ta yi maimakon ta juya taya. Maigida da kansa ya yi wannan, bai bar kowa ya taɓa ba.

Faɗin ƙafa shi ne inda har yau ban gamsu ɗari bisa ɗari ba. S-10 siririyar mota ce, tayoyinta sun shige can cikin fendojin 3100 kamar yaro ya sa rigar babansa. A baya maganin mai tsabta ne, aksil ɗin S-10 mai jan ƙafa huɗu ya fi na mai jan ƙafa biyu faɗi, muka samo shi muka sa. A gaba kuwa faranti aka ɗaura tsakanin ƙafa da wili don a turo tayar waje. Yana aiki, mutane da yawa suna yi, amma duk yadda aka turo taya waje nauyi ne aka ƙara wa boris, kuma sitiyari yana ƙara jin duk wani rami. Mun sa mafi siranta da zai yi, irin wanda ke zama daram a kan cibiyar ƙafa, ragowar kuma muka cike da wili mai ɗan fitowa waje. Tsofaffin wilin motar masu noti 6 ba su da sauran amfani, S-10 noti 5 gare ta.

Sauran aikin mai yawa ne amma babu abin mamaki a ciki. Tukunyar birki ta asali a ƙarƙashin daɓe take, muka mayar da ta S-10 mai layi biyu jikin bangon ɗaki bayan mun ƙara wa wurin kauri, don ƙarfen 1951 ba a yi shi don ɗaukar taka birki ba. Tankin mai, wanda a wannan ƙira yake tsaye a bayan kujerar direba cikin ɗaki, muka fitar da shi muka yi amfani da na S-10 a cikin shasi, kuma ban ga wanda ya yi kewar warin fetur ba. Wayoyi duka sabbi aka ja na bolt 12, da kwamfutar injin a ɓoye ƙarƙashin dashbod. Tunda bodi a kan roba yake zaune, sai da aka haɗa shi da shasi da inji da waya mai kauri, in ba haka ba fitilu su riƙa yin abin da suka ga dama.

Ranar gwaji ta tashi a bugu ɗaya, ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Amma da muka haura kilomita 80 a awa sai wata rawa ta taso daga ƙarƙashin kujera, madubi ya fara kaɗawa. Ba taya ba ce, don mun daidaita su. Da muka ja inji baya, hancin giyabos ya sunkuya fiye da da, bai kuma dace da yadda bakin aksil ɗin baya yake kallo ba. Waɗannan biyun ana so su kasance a kan karkata ɗaya, don abin da gwiwar farfela ta gaba ta ƙara na saurin juyi, ta baya ta rage shi. Muka auna muka ga kusan digiri 3 a tsakaninsu. Siririn ƙarfe mai siffar bakin gatari muka cusa tsakanin sifirin da aksil a kowane gefe, rawar ta ɗauke.

Aikin da aka yi wa kiyasin wata uku ya ci bakwai. Mai motar ya dawo da ita bayan ya yi kamar kilomita 500, yadda maigida ya sa shi alkawari. Robobin mazauni sun kwanta kaɗan, ƙofar direba ta fara taɓa ginshiƙi, muka ƙara washa guda a mazaunin gaba na hagu ta koma rufuwa da yatsa biyu. Notukan farantin ƙafar gaba biyu sun ɗan saki, na ɗaure su, na rubuta masa a takarda ya riƙa duba su duk lokacin da ya yi juyen mai. Ya yi ƙorafin iska tana shigowa ta gefen gilashi tana fito da zarar ya yi gudu. Maigida ya ce wannan ba daga shasi ba ne, tun 1951 take shigowa, mahaifinsa ne dai bai taɓa gudun da zai ji ta ba.